Kiɗan da Gus Ya Hana

Dorian Melnyk mai gyaran injin ɗumama gida ne a garin Regina. Ba ɗan garin ba ne, aiki ne ya kawo shi daga Winnipeg. Ya kama ɗaki a hawa na uku na wani tsohon bene, ya zuba kujera ɗaya da talabijin da na'urar wasa, ya ce sauran kaya sai ya zauna da gindinsa tukuna. Shekaru suka yi ta wucewa, sauran kayan ba su zo ba.

Duk mako haka yake yawo daga wannan gida zuwa wancan. A buɗe masa ƙofa, a nuna masa matakalar ɗakin ƙasa, a bar shi daga shi sai injin. In ya gama a ce an gode, a yi maza a rufe ƙofa kada sanyi ya shigo. Abin da yake ɗoki kawai shi ne Asabar da rana, don ranar ce yake haɗuwa da abokansa biyu na ƙuruciya, Gus Fontaine da Jomar Reyes, a cikin wani wasan intanet mai suna Tsibiran Hazo. Jirgin ruwa ne irin na da, mai tafiya da iska, ana lodin kaya daga wannan tsibiri a kai wancan. Mutum uku ke tafiyar da shi. Dorian ne matuƙi, Jomar ke kula da filafilai, Gus kuwa aikinsa ya hau can ƙololuwar jirgin ya duba hanya, amma surutu da waƙa ba sa barinsa ya duba komai.

Tun ranar farko Gus ya kafa doka. Suna shiga, wani goge ya fara tashi a hankali, sai ya ce, "Kai, kai! Mene ne wannan? Mun zo wasa ne ko mun zo jiran likitan haƙori? Kowa ya kashe nasa, ni ne mai kiɗa a jirgin nan."

Suka kashe. Daga ranar Gus ke sako musu waƙoƙi ta layin da suke magana. Akwai tsofaffin waƙoƙin jita da babansa ke ji a mota, akwai masu ganguna kamar za su fasa kunne, akwai kuma waƙoƙin soyayya na ƙasar Filifin, asalin su Jomar, waɗanda Jomar ya ce in ba a sa ba zai ajiye aiki. Gus ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma shi ne kan gaba wajen rerawa, yana kwaɓa baitin yadda ya ga dama.

Jomar ya kan ce, "Don Allah rufe mana baki. Ka san abin da ka faɗa yanzu? Cewa ka yi kana son kazar maƙwabcinku."

Gus ya ce, "To ƙarya na yi? Ka taɓa ganin kazar?"

Haka za su yi ta yi har jirgi ya daki dutse ya nutse, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Dorian ya kan yi dariya har hawaye su zubo masa, shi kaɗai a ɗaki, da abin ji a kunne.

Jomar ne ya fara janyewa. An mayar da shi aikin ƙarshen mako a asibitin da yake aikin jinya, ya ce na ɗan lokaci ne. Bai daɗe ba kuma matar Gus, Bettina, ta haifi tagwaye. Da farko Gus yana shigowa a makare, da jariri a kafaɗa, yana magana ƙasa-ƙasa. Daga baya sai saƙo: "Mutumina, yau ba dama. Mako mai zuwa in ana lafiya." Daga baya ma saƙon sai Lahadi yake zuwa, da ban haƙuri.

Dorian bai ji haushin kowa ba. Wa zai ji haushin mai tagwaye? Asabar na yi sai ya ɗumama miyar gwangwani, ya gasa burodi, ya zauna, ya fito da jirgin shi kaɗai. Tuƙin mutum uku ga mutum ɗaya wahala ce, ya saki sitiyari ya ruga ya ja igiya, ya dawo da gudu kafin jirgi ya karkace. Gus ya taɓa tura masa jerin waƙoƙin nan, don haka sai ya kunna su a waya, ya ce ai duk ɗaya ne.

Ashe ba ɗaya ba ne. Wata Asabar a tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara ta rufe motocin da ke ƙasa har sai an yi tono, waƙar kazar maƙwabci ta zo. Da aka kai daidai wurin da Gus ke shigowa da muryarsa mai kama da ta jaki, sai Dorian ya ji ya dakata yana jira. Mawaƙin ya rera baitinsa daidai, cikin daɗin murya, ya wuce. Ba wanda ya kwaɓa, ba wanda ya yi tsawa. Dorian ya miƙa hannu ya kashe wayar.

Ɗakin ya yi tsit. Ba ya jin komai sai ƙarar bututun ɗumi a jikin bango da ruwan wasan yana dukan jirgi. Ya ɗan jima a haka, sai ya shiga wurin saiti, ya lalubo inda aka rubuta kiɗa. Yana nan can ƙasa, inda ya ajiye shi tun ranar da Gus ya ba da umarni. Ya ja shi sama.

Gogen nan ne dai, yana tafiya a hankali, da wani fiyano yana bin sa a baya kamar mai jin nauyin shigowa. Dorian ya yi niyyar ya ɗan saurara ya kashe, amma sai ya ci gaba da tuƙi. Da ya doshi tsibirin masunta, sai wata sarewa ta shigo. Da ya bar shi, ta tafi. Can tsakiyar teku kuma, sama garau, sai ya ji wata ganga tana bugawa ƙasa-ƙasa, tana ƙara sauri. Bai gane ba sai da hadari ya taso ya lulluɓe shi. Ya sha da ƙyar. Karo na gaba da ya ji gangar, ya yi maza ya sauke filafilai ya fake a bayan wani dutse, guguwa ta zo ta wuce bai yi asarar ko buhu ɗaya ba.

Ya yi dariya da ƙarfi, ya ce, "Kai, Gus! Ashe duk nutsewar nan da muka yi ta yi, ana ta buga mana gangar gargaɗi!"

Ya ɗauki waya ya rubuta masa. Amsa ta zo washegari, 'yar fuskar dariya guda ɗaya.

Daga nan ya shiga zagaya tsibiran da ya daɗe da sani, ba don kai kaya ba, sai don ya ji abin da kowannensu ke cewa. A haka ya isa wani ƙaramin tsibiri a can ƙarshen taswira, wanda ba kasuwa ba komai, sai hasumiyar fitila da gadar katako da ta miƙa cikin ruwa. Su uku sun taɓa zuwa, Gus ya ce wurin banza ne, suka juya. Yanzu da ya sauka sai ya ga mutum zaune a ƙarshen gadar, da hular ruwan sama mai launin rawaya. Ya matsa kusa. Sai ya ji muryar tsohuwa a kunnensa, 'yar shaƙaƙƙiya.

"In zama za ka yi ka zauna, in wucewa za ka yi ka wuce. Amma ban da surutu, ta kusa farawa."

Dorian ya ce, "Wa?"

"Shhh."

Ya zauna. Ranar cikin wasan ta gangara za ta faɗi, fitilar hasumiya ta kama, sai gogen ya yi shiru. Wata mace a cikin kiɗan wasan ta fara rera wani abu, ba kalmomi, murya ce kawai, kamar mai aiki a kicin da ba ta san ana jin ta ba. Ba ta daɗe ba ta tsaya, gogen ya dawo.

Tsohuwar ta ce, "To, ka ji. A nan kaɗai take yi, kuma sai rana za ta faɗi. Kai ne mutum na farko da na gani ya zauna har ƙarshe. Sauran sai su zo su yi ta tsalle a kaina, su tambaye ni ko akwai zinariya."

Sunanta Lorraine Pelletier, daga Sudbury. Ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ta yi ritaya. Jikarta ce ta kawo na'urar ta koya mata, sannan ta tafi jami'a ta bar mata. Ƙugunta na ciwo, hunturu kuma ba ta fita sai dole.

Dorian ya ce, "Madam Pelletier, ke kaɗai kike tuƙa jirgi?"

"Lorraine za ka ce, Madam tana maƙabarta, uwar mijina ce. Ƙaramin kwale-kwale gare ni. Wanda ya tuƙa yara hamsin suna ihu a kan ƙanƙara, ruwan ƙarya ne zai ba shi tsoro?"

Ya tambaye ta ko ba ta taɓa sa waƙoƙin da take so ba in tana wasa. Ta ce, "Waƙoƙina duk da mutane a ciki, ɗana. Wannan mijina, wannan ƙanwata, wannan bikin wance. In na kunna sai ɗaki ya cika da waɗanda ba sa nan. Wannan kuwa ba ta san kowa nawa ba. Sai in huta."



Tun daga ranar, in Asabar ta yi sai ya bi ta tsibirin hasumiya ya ɗauke ta. Ita ke hawa ƙololuwa, kuma da gaske take duba hanya. Ba su cika magana ba. Wani lokaci su ratsa teku guda ba wanda ya ce uffan sai "dutse a hagu" ko "ka ji gangar?" Jefi-jefi ta ba shi labarin wani yaro da ya taɓa sakin kwaɗo a motarta, ko ta tambaye shi me ya sa injin ɗumin gidanta ke tari da safe, ya faɗa mata abin da za ta ce wa mai gyara. Ya kan ji ƙarar cokali a kofin shayinta. Bai san kamanninta ba, ita ma ba ta tambayi nasa ba.

Sanyi ya fara sassautawa, sai ga saƙon Gus ranar wata Juma'a: surukarsa ta zo za ta riƙe yara, Jomar ma ya sami hutu, gobe jirgi zai tashi da cikakkun ma'aikata. Dorian ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya sayo fiza da lemo kamar mai baƙi.

Suna shigowa ɗakin ya cika. Gus ya ce, "Kyaftin! Ina fata ba ka sayar mana da jirgi ba. Kai, wace ce wannan a kujerata?"

Dorian ya gabatar da Lorraine. Suka gaisa cikin mutunci, Jomar har da tambayar jiki. Daga nan Gus ya ce, "To, ma'aikata, a kama aiki!" ya sako waƙa mai ganguna, ta danne komai. Dorian na jin gogen can ƙasa yana ƙoƙarin fitowa, kiɗa biyu suna karo a kunnensa. Ya shiga saiti ya ja na wasan ƙasa.

Lorraine ta daure har tsibiri na farko. Sannan ta ce, "Samari, kunnen tsohuwa ba zai iya wannan biki ba. Ku sauke ni a nan, ku yi wasanku lafiya." Ta sauka, hular rawaya ta ɓace.

Gus ya ce, "Au, na kori budurwar taka? Jomar, ka ga mutumin, mun juya baya kaɗan ya yi sabuwar tsohuwa."

Dorian ya yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Aka sa waƙar kaza, Gus ya kwaɓa, Jomar ya yi masa tsawa, komai kamar da. Sai dai Jomar na ta hamma, Gus kuma kowane ɗan lokaci sai ya ce a dakata, ya ji kamar kuka. Da suka kusa tsibirin hasumiya, rana na shirin faɗuwa, Dorian ya ce, "Gus, don Allah kashe na ɗan lokaci. Ku kunna na wasan, akwai abin da nake so ku ji."

Gus ya yi gunaguni amma ya kashe. Matar nan ta cikin kiɗan ta fara rerawa. Ba ta kai rabi ba Gus ya ce, "Wannan ai na jana'iza ne." Sai kuma muryarsa ta sauya, wasan ya fita daga cikinta. "Dorian, tsakani da Allah, wannan kake zama kana ji kai kaɗai duk Asabar? Lafiyarka kuwa? Kana fita? Kana ganin mutane?"

"Kullum ina gidajen mutane."

"Ba ɗakin ƙasa nake nufi ba, ɗan banza."

Dorian ya buɗe baki zai ba da amsa, sai kukan jariri ya tashi da gaske, na biyun ya karɓa. Gus ya ce, "Kash, sun tashi. Za mu yi magana, ka ji? Da gaske nake." Ya fita. Jomar ya ɗan ƙara zama don kara, sannan ya ce bacci yake ji. Dorian ya zauna da fiza fiye da rabi a kwali.

Asabar ta gaba ya sami Lorraine a kan gadarta. Ya fara ba ta haƙuri, ta katse shi.

"Haƙurin me? Abokanka ne, kuma mai surutun nan yana son ka, daga ji. Ni ma ina da labari. Za a yi mini aikin ƙugu, daga asibiti kuma gidan 'yata zan wuce a Ottawa. Ta ce ba zan ƙara yin hunturu ni kaɗai ba. An riga an sa gidana a kasuwa."

"Ai sai ki tafi da na'urar."

"Talabijin ɗaya gare su, ɗana, da yara uku da kare. Ka taɓa ganin baƙo ya karɓe talabijin?" Ta yi 'yar dariya. "Zan gwada dai. In ka ga hular rawaya, ni ce."

Ranar ba su kai kaya ko'ina ba. Suka zagaya tsibiran da ta fi so, tana cewa tsaya nan in ji sarewar, wuce can in ji ƙararrawa. Da za ta tafi ta ce, "Ka je ka ga tagwayen nan tun ba su fara tafiya ba. Yanzu ne ake iya kama su." Sai ta kashe.

Ya yi ta leƙa gadar makonni da yawa, bai ga kowa ba. Bai da lambarta, bai taɓa tunanin tambaya ba.

Da dusar ƙanƙara ta narke, tituna suka bushe, ya ɗauki hutun ƙarshen mako ya kama hanyar Winnipeg, tafiyar rabin yini a fili fetal, ba dutse ba kwana. Bettina ce ta buɗe ƙofa, gashinta a hargitse, ta rungume shi da hannu ɗaya, ta ɗora masa jaririya a ɗayan kafin ma ya cire takalmi.

"Wannan Odile ce. Kada ka zauna, in ka zauna za ta yi ihu."

Gus ya fito daga kicin da kwalbar madara, ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya ce, "Kyaftin! Ka ga yadda aka mayar da ni? Ni da nake sama ina duba hanya." Suka ci abinci a tsaye, ana miƙa yara daga hannu zuwa hannu. Bayan an samu namijin, Remi, ya yi bacci, Gus ya zube a doguwar kujera ya ce, "Yawwa, yanzu faɗa mini gaskiya, yaya kake a can? Don ni ban yarda da..." Bai ƙarasa ba. Kansa ya kwanta a jikin kujera, bakinsa a buɗe.

Dorian ya ci gaba da kai-komo a falon da Odile a kafaɗa, yana tsallake kayan wasa da kwandon wanki. Ta kama kunnensa ta riƙe gam. Bettina ta leƙo ta ga mijinta, ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Tun da aka ce za ka zo yake lissafin abin da zai faɗa maka. Ka yafe masa."

Dorian ya ce, "Bar shi ya huta."

Washegari da hantsi Gus ya rako shi har mota, da silifas da rigar bacci. Ya dafa ƙofar ya ce, "Me zai hana ka dawo gida ne? Nan ma injuna na lalacewa."

"Zan duba."

"Kullum zan duba. To Asabar mai zuwa zan shigo, ko da rabin awa ne."

"Sai na gan ka."

Ya tsaya a garin Brandon ya sha mai, ya sayi kofi da burodi mai nama, ya ci a cikin mota yana kallon manyan motoci na wucewa. Sai a lokacin ya lura Odile ta yi masa tumbuɗi a kafaɗar riga, ya bushe ya yi fari. Ya kankare da farce bai fita ba, ya ƙyale shi. Ya isa Regina rana na gangarawa, ya hau bene da jakarsa, ya buɗe taga don iska ta shiga, ya duba waya ya ga inda zai fara aiki gobe da safe.